Shagon Da Ba Shi Da Ƙofa

Na fara sayar da atamfa da leshi ta waya ne a watan Afrilun 2020, lokacin da aka rufe Kano saboda cutar korona, kasuwanni suka kasance a garƙame, ni kuma ina da turame goma sha biyu a cikin akwati waɗanda na saro daga Kantin Kwari da niyyar in riƙa kai wa maƙwabta gida-gida. Da fita ta gagara, sai na shimfiɗa su a kan gado ɗaya bayan ɗaya, na ɗauki hotunansu na ɗora a sitatus ɗina na WhatsApp, kuma kafin mako ya zagayo babu turmi ko ɗaya da ya rage. Daga nan sana'ar ta kama, na buɗe shafi a Instagram, daga baya na ƙara da Facebook da TikTok, har ya zama ina aika kaya Sakkwato da Gombe da Abuja, wani lokaci ma har Maraɗi da Damagaram, ba tare da na taɓa kama hayar shago ba. Na daɗe ina alfahari da cewa shagona a tafin hannuna yake. Abin da ban lura da shi ba shi ne shagon nan ba shi da ƙofa, saboda haka babu lokacin da ake rufe shi.

Zuwa ƙarshen 2024 ni kaina ba zan iya cewa ga inda aikina yake farawa ko inda yake ƙarewa ba. Idan na farka da asuba, kafin in yi alwala sai na laluba ƙarƙashin matashi na ɗauko waya, domin na san akwai saƙonnin da suka shigo tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na dare, lokacin da masu sayen garaɓasar datar dare suke zaune suna kallon kaya. Mafi yawansu tambaya ɗaya ce, wato nawa ne, ko da kuwa na rubuta kuɗin a ƙarƙashin hoton da ake tambaya a kansa. Wata za ta turo saƙon murya na minti huɗu, ta fara da gaisuwa da tambayar yara da maigida, ta ba ni labarin bikin ƙanwar mijinta, sai a ƙarshe ta ce in sake ɗauko mata hoton leshin a cikin rana domin ba ta yarda da kalar da ta gani ba. Wata kuma za ta ce, “Hajiya, na tura, ki duba,” alhali alat bai shigo ba, ga direba a tashar Unguwa Uku yana ta kira yana cewa motarsa ta cika, idan ban aiko da saƙon yanzu ba sai gobe. Maganar da ta fi ci mini rai ita ce, “Ina ganinki a onlayin amma kin ƙi kula ni,” domin tana sa ni jin kamar na wulaƙanta mutum, sai in bar tukunya a kan wuta in zauna ba da haƙuri.

Da a ce ciniki kaɗai nake yi a wayar, da da sauƙi. Tsakanin amsa wa wannan da jiran alat ɗin waccan, yatsana yakan zame da kansa zuwa shafukan sauran masu sayar da kaya, in tsaya ina kallon wadda take da mabiya ninkin nawa sau goma tana kwance dila a gaban kyamara, sannan in dawo in duba mutum nawa ne suka kalli sitatus ɗina, in sake dubawa bayan minti biyar kamar wadda ta ɗora nono a wuta. Ga kuma zaurukan WhatsApp: na danginmu, na dangin maigida, na 'yan ajinmu na sakandare, na Islamiyya, na adashi, da na ankon kowane biki da aka taɓa gayyatata, waɗanda ba a rushewa ko bayan amarya ta haihu. A cikinsu ne ake turo hotunan haɗarin mota da bidiyon mutanen da 'yan bindiga suka kama, ni kuma in buɗe da tsakar dare, in kwanta gabana yana faɗuwa.

Jikina ya fara ba ni labari tun kafin in yarda. Kullum ina cikin ciwon kai da nauyin wuya, idanuna suna yaji, kuma ƙaramin abu sai ya sa in daka wa yara tsawa. Kamar yadda muka saba, na ɗora laifin a kan maleriya, na aika kemis aka sayo mini magani har sau biyu. Abin ya fito fili ne a azumin 2025, wanda aka fara ranar 1 ga Maris, domin watan azumi shi ne kakar masu sana'ata: kowa yana son kayan Sallah ya isa hannun tela kafin teloli su daina karɓar ɗinki. Saura kwana tara Sallah na ɗaure saƙo biyu bayan sahur, na rubuta lambobin waya a jikin ledojin ina gyangyaɗi, sai leshin lefen da za a kai Gombe ya tafi Sakkwato, atamfar ankon Sakkwato kuma ta tafi Gombe. Kuɗin motar dawo da su da sake aika su ya cinye ribar makon, amma asarar kuɗin ba ta dame ni kamar abin da na ji a raina ba. Da wayar ta yi ƙara da yammacin ranar, sai na ji na tsani sautinta, na tsani atamfa, na tsani masu saye, waɗanda da kuɗinsu nake biya wa yarana kuɗin makaranta. Na zauna a ƙasan kicin ina kuka, babbar 'yata tana tsaye a kaina tana tambaya ko ta dama kunun buɗa-baki da kanta.

Bayan Sallah maigida ya matsa sai na je asibiti. An yi gwajin maleriya da na taifot ba a sami komai ba, jinina ne kawai ya ɗan hau. Likitar, wata mace mai natsuwa, ta ajiye biro ta tambaye ni awa nawa nake barci, na yi lissafi na ce huɗu, wani lokaci uku da rabi. Ta tambayi sana'ata, na faɗa mata, ta ce, “Hajiya, ƙarfe nawa kike tashi daga aiki?” Na buɗe baki na rasa amsa. Ita ce ta bayyana mini cewa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci irin wannan gajiya a kundinta na rarrabe cututtuka, inda ta ce matsala ce da ke tasowa daga matsin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba, kuma ta ba ta alamomi uku: ƙarewar kuzari, jin ƙyamar aikin ko nisantarsa a zuci, da raguwar ƙwazo. Ina saurarenta ina ganin ledojin nan biyu da suka saɓa hanya. Ba ta rubuta mini wani magani na musamman ba, ta dai ce in dawo bayan wata ɗaya a sake auna jinin, kuma kafin nan in nemo wa aikina lokacin tashi.

Ƙanina, wanda ke karatun kwamfuta, shi ya fara nuna mini girman abin a lissafe. Ya shiga saitin wayata ya buɗe wani sashe mai suna Digital Wellbeing, wanda kamfanin Google ya shigo da shi wayoyin Android a 2018, masu iPhone kuma suna da irinsa mai suna Screen Time. Ya miƙo mini ya ce, “Yaya, duba da kanki.” A ranar da ta gabata na yi awa tara da minti arba'in a kan waya, na buɗe ta fiye da sau ɗari biyu. Na yi ƙoƙarin kare kaina da cewa ai kasuwanci nake yi, sai ya nuna mini rabon awoyin, inda TikTok da Instagram suka ɗauki fiye da rabi, alhali kusan duk cinikina a WhatsApp ake ƙulla shi. A daidai lokacin kuɗin data ya riga ya tashi, tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, ni kuma ina ta ƙorafin tsada ina sanya kuɗin a lissafin sana'a, ashe mafi yawansa a kallon rawa da faɗan mutanen da ban sani ba yake tafiya. Ya kuma gaya mini cewa da gangan aka ƙera shafukan yadda ba su da ƙarshe, kuma mutumin da ake danganta wa ƙirƙirar wannan tsari a 2006, wani Ba'amurke mai suna Aza Raskin, daga baya ya fito ya nuna nadamarsa. Wannan ya shige ni sosai, domin turmin atamfa yadi shida ne, idan ka warware shi dole ka kai bakinsa, amma wannan ƙyallen ko shekara za ka yi kana ja ba zai ƙare ba.

Matakin farko da na ɗauka kuskure ne. Na tuna yammacin 4 ga Oktoban 2021, lokacin da WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida, da yadda muka zauna a tsakar gida muka yi hira har barci ya ɗauke mu, sai na ga ai maganin ke nan. Na goge manhajojin duka ba tare da na sanar da kowa ba. Kwana uku na yi. A rana ta huɗu wata tsohuwar mai sayayya ta aiko yaro har gida a duba ko lafiya, wasu biyu da suka riga suka biya kuɗi suka fara zargin na gudu da kuɗinsu, kuma da na mayar da WhatsApp na tarar da saƙonni sun taru fiye da yadda zan iya amsawa a wuni guda. Na kwana biyu ina ba da haƙuri, na koma yin awoyin da suka fi na da. Garin neman gira na kusa rasa ido, domin amana ita ce jarin duk mai sayar da kayan da ba a taɓa da hannu ba kafin a biya.

Hanyar da ta yi mini aiki a Kwari na samo ta. Na je saro kaya da yamma a wurin wani dattijo da na daɗe ina hulɗa da shi, na tarar yaransa suna mayar da kaya ciki, ga wani mai saye ya iso a guje yana roƙon a buɗe masa dila ɗaya. Alhajin ya ce masa cikin fara'a, “Sai gobe in Allah ya kai mu, an tashi.” Da mutumin ya tafi na ce, “Alhaji, ba ka tsoron ya je wani wuri?” Ya yi dariya ya ce, “'Yata, shekara talatin ina rufe shagon nan kafin magariba. Wanda yake nawa zai dawo da safe, rabon kwaɗo ba ya hawa sama.” A cikin adaidaita sahu ina komawa gida na riƙa juya maganar. Kasuwar da ake jujjuya dukiya mai yawa haka, wadda fatake ke zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru, tana da lokacin tashi kuma ba ta mutu ba, sai ni mai turame a akwati ce zan ce ba zan iya rufewa ba.

Abu na farko shi ne raba shago da gida. Na bar tsohon layina, wanda masu saye suka sani, a babbar waya, na mayar da shi kan WhatsApp Business, sannan na sayi ƙaramar waya mai tocila da sabon layi wanda mahaifiyata da maigida da 'yan'uwana da makarantar yara kaɗai suke da shi. Wannan ya kashe babbar hujjar da nake ba kaina ta kwana da waya, wato kada wani abu ya faru da dare a neme ni a rasa. Sai na zauna wuni biyu ni da ƙanina muka shigar da kowane kaya cikin katalog da hotonsa da kuɗinsa da yawan yadinsa, muka rubuta amsoshin da nake maimaitawa kullum, kamar lambar asusu da kuɗin mota zuwa kowane gari da ranakun da nake aika saƙo, muka adana su yadda da taɓawa ɗaya za su fito. Ranakun aikawa ma na mayar da su biyu, Litinin da Alhamis, maimakon kullum. Daga ƙarshe muka saita saƙon da ke fita da kansa ga duk wanda ya yi magana bayan an tashi, kuma na daɗe ina gyara kalmominsa domin kada ya yi kama da kora: “Assalamu alaikum, mun gode da tuntuɓa. Muna buɗewa daga ƙarfe 9 na safe zuwa 6 na yamma, ban da Juma'a. Kuɗin kowane kaya yana cikin katalog, kuma za mu amsa da safe in sha Allah.” Wannan karon na ɗora sanarwa a sitatus mako guda kafin in fara.

Na kuma ɓoye alamar da ke nuna ina onlayin, na kashe shuɗin layukan nan biyu da ke nuna an karanta saƙo. Ban san cewa wanda ya kashe su shi ma ba zai ƙara ganin waɗanda suka kalli sitatus ɗinsa ba, kuma da na gano haka na yi niyyar mayarwa. Na daure na bar shi, sai ga shi wannan ne ya fi komai sauƙaƙa mini, domin ƙidayar masu kallo ita ce ƙaiƙayin da ke sa ni buɗe waya sau ɗari ba tare da wani dalili ba.

Zauruka su ne suka fi wuya, saboda a nan maganar ta bar kasuwanci ta koma zumunci. Na ƙirga na sami arba'in da ɗaya. Na anko da na bukukuwan da aka gama na fice daga cikinsu a dare ɗaya, kuma na ji daɗin cewa yanzu idan mutum ya fita masu kula da zauren kaɗai ake sanarwa, ba kamar da ba da ake shelanta wa kowa. Na dangi kuwa ba a fita, duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san abin da zai biyo baya, saboda haka na kashe musu ƙara, na hana hotuna da bidiyo sauka da kansu, na ware bayan la'asar ina leƙawa. Duk da haka sai da aka yi rasuwa a dangin maigida da safe ban gani ba sai yamma, kuma wata yayarsa ta kira ta ce, “Amarya, yanzu kin fi ƙarfin zaurenmu ke nan?” Shekara goma sha uku da aurena har yanzu amarya take ce mini, musamman idan za ta yi faɗa. Na ba ta haƙuri, na je gaisuwa da ƙafata, na kuma ba ta lambar ƙaramar wayar na roƙe ta idan irin wannan ta faru ta kira ni kai tsaye. Tun daga ranar ta fi kowa kirana, kuma hirarmu ta fi ta da daɗi.

TikTok da Instagram na sanya musu ƙa'idar minti talatin-talatin a rana, idan lokacin ya cika manhajar ta dushe ta ƙi buɗuwa sai washegari. Ba zan ɓoye ba, cire ƙa'idar ba ya ɗaukar ko minti ɗaya, kuma a makon farko na cire ta sau uku. Abin da ya fi ta tasiri shi ne wani saiti na lokacin barci da ke mayar da fuskar waya fari da baƙi. Ga mai sana'ar atamfa wannan babban magani ne, domin idan babu kala babu abin kallo a shafin kowa, leshin dubu ɗari da na dubu goma duk sun zama toka, kishin ma sai ya rasa abin kamawa. Da ƙarfe shida kuma nakan jona babbar wayar a caji a falo, in sa ta cikin durowa in rufe. Daren farko na tashi sau biyu na je na tsaya a gaban durowar kamar mai jiran a buɗe masa. Kusan mako biyu aka yi kafin hannuna ya daina lalube ƙarƙashin matashi da asuba.

Ciniki ya ragu a watan farko, kuma ba zan ce ban tsorata ba. Akwai masu saye da suka tafi ba su dawo ba, galibi masu son a yi ta hira da tayi har ɗaya na dare, wasunsu ma ba su taɓa sayen komai ba. Da na koma asibiti jinin ya sauka, barcina ya kai awa shida da rabi, kuma ban sake rubuta lambar wani a ledar wani ba. Sai dai da Babbar Sallah ta matso, wadda aka yi ranar 6 ga Yuni, na ce bari in ƙara awa biyu kawai na mako ɗaya saboda kaka ce. Awa biyu ta zama huɗu, wayar ta koma ɗaki, ciwon kan ya dawo kamar yana jira a bakin ƙofa. Maigida ne ya lura, bai yi faɗa ba, ya dai tsaya a bakin ɗaki wani dare ya ce, “Hajiya, yau kasuwar kwana ake yi?” Bayan Sallar na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na ɗauki 'yar yayata da ta gama sakandare tana jiran sakamako, tana zuwa daga goma zuwa huɗu tana amsa tambayoyin kuɗi da kala, ni kuma ina riƙe lissafi da saro da aikawa, ina biyanta a wata. A lokacin kaka mukan ƙara awa ɗaya, mu sanar tun da wuri, mu kuma sanar da ranar da za a koma yadda aka saba.

Har yanzu nakan zame, musamman ranar da raina yake a ɓace, in tsinci kaina na cire ƙa'idar ina kallon abin da ba zan tuna ba gobe. Amma durowar tana nan, kuma yanzu ƙaramar 'yata ce ta ɗauki aikin rufe ta, tana jin kiran magariba za ta miƙo hannu ta ce, “Umma, an tashi.” Jiya bayan isha'i na yi mata kitso a tsakar gida, yayarta tana biya haddarta a gefe, ƙaramar wayar ta yi ƙara sau ɗaya, mahaifiyata ce take tambaya ko na sami daddawar da ta aiko. Da safe ƙarfe tara na buɗe durowar, na tarar da saƙonni goma sha bakwai. Na farkonsu ya shigo ƙarfe biyu da kwata na dare, a ƙarƙashin hoton wata atamfa mai ruwan goro da kuɗinta a rubuce, yana cewa, “Hajiya, nawa ne?” Na gaishe ta, na faɗa mata kuɗin, ta ce a ajiye mata turmi biyu.